Yadda Za a Kare Baƙi Daga Zafin Bazara a Wuraren Wasan Yara a Damagaram

Duk mai riƙe da wurin shaƙatawa ko filin wasan yara a Damagaram ya san cinikinsa na shekara yana rataye ne a kan ranakun Salla. Ga abin lura kuwa: Sallar Layya tana ja da baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, kuma yanzu ta shigo bazara sosai. Ta 2027 za ta faɗo wajen tsakiyar Mayu, ta 2028 a farkon watan, ta 2029 a ƙarshen Afrilu. A waɗannan watanni biyu zafin Damagaram, wato Zinder, yana wuce digiri 40 kusan kullum, wata rana har ya kai 44. Ke nan ranar da wurinka zai cika maƙil da yara cikin sababbin kaya da iyaye mata da goyo, ita ce ranar da ƙarfe zai iya ƙona tafin hannu. Wanda bai fara shiri tun lokacin ɗari ba, ranar Salla sai dai ya yi ta ba mutane haƙuri.

Abin da yawancin masu wuri suke fara tunani shi ne sayen kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. A Dubai akwai wurin wasa mai suna IMG Worlds of Adventure, an buɗe shi a 2016, wanda aka rufe shi ruf cikin gini ana sanyaya shi gaba ɗaya. Wannan sai mai wutar da ba ta ɗaukewa da kuɗin da ba su ƙarewa. Mu nan kuran, wato wutar lantarki, yana zuwa yana tafiya, ruwa ma sai an yi tanadi, don garin yana zaune ne a kan dutse, haƙa rijiya a cikinsa ba ta cika yin albarka ba. Saboda haka a kashe kuɗi bi da bi: inuwa tukuna, sai ruwan sha, sai iska mai motsi, daga ƙarshe ɗaki guda ɗaya mai kilim wanda aka yi shi yadda ba zai ba da kunya ba. Wanda ya juya wannan jeri, zai biya kamfanin wuta na NIGELEC kuɗi masu yawa alhali mutanensa suna soyuwa a layi.

Inuwa da inda ya kamata ta faɗa

Ka shiga wurinka da ƙarfe uku na rana cikin Afrilu, ka tsaya inda mutane ke jiran tikiti, ka tsaya inda suke jiran lilo, ka zauna a bencin da iyaye ke zama. Mutum a kan lilo minti uku yake yi, amma a layi yana iya shafe rabin awa. Don haka layi da wurin zama su ne farkon masu haƙƙin rumfa.

Rumfar da aka yi wa rufi kawai tana aiki da tsakar rana, amma daga azahar zuwa magariba rana tana sunkuyowa ta yamma ta shigo ƙarƙashinta, kuma lokacin ne baƙi suka fi yawa. Kowace rumfa tana bukatar kariya ta gefen yamma: zana, ko asabari, ko ragar inuwa da aka sako daga rufi har zuwa kamar mita ɗaya daga ƙasa, a bar ƙasan a buɗe iska ta wuce. In za ka gina sabuwa, tsawonta ya bi gabas da yamma, yadda ɗan ƙaramin gefen ne kawai zai fuskanci faɗuwar rana.

Kwano zalla a saman kai gasa mutane yake yi, musamman in ya yi ƙasa. In dole sai kwano, a ɗaga shi ya kai mita uku da rabi, a shafa masa farin fenti ta sama, a shimfiɗa zana ko tabarma a ƙarƙashinsa da tazarar taƙi ɗaya a tsakani, don iskar da ta yi zafi ta samu hanyar fita. Ragar inuwa mai tare kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na rana ta fi tampol, domin tampol yana tara zafi a ƙarƙashinsa kuma iska tana ɗaukarsa. Wannan batun iska kada a raina shi. Hadarin farkon damina yana tasowa daga gabas da guguwa da ƙura cikin ƴan mintuna, a ƙarshen Mayu da Yuni. A binne ginshiƙai aƙalla santimita 60 cikin kankare, a ɗaure raga da igiyar da za a iya kwancewa da sauri. Rumfar zana kuma a nisanta ta da mai gasa nama da mai shayi da wayoyin wuta.

Itace ya fi kowace rumfa sanyi, sai dai yana son shekaru. Dogon yaro yana saurin girma, yana jure ƙishi, kuma yana da ganye a bazara. Durumi da ceɗiya inuwarsu mai kauri ce, amma a nisanta su da gini da bututun ruwa saboda saiwa. Kuka ba ta da ganye a lokacin da ake bukatarta. Gawo yana riƙe ganyensa da rani, amma ƙayarsa ba ta dace da inda yara ke gudu ba takalmi ba.

Ƙarfe da roba

Yaro ɗan shekara uku ba ya taɓa abin zamiya ya gwada kafin ya zauna. Yana hawa, ya zauna da gajeren wando, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, sai ihu. Ƙarfen da ya kai digiri 60 yana ƙona fatar yaro cikin ƴan daƙiƙoƙi, kuma ƙarfe ko baƙar roba da suka wuni a rana suna wuce haka. Ka sayi ma'aunin zafi mai kama da bindiga, na masu aikin hannu, domin na asibiti wanda ake nuna wa goshi an yi shi ne don zafin jikin mutum. Kafin a buɗe ƙofa a auna abin zamiya, kujerun lilo, mariƙai da daɓen ƙasa. In babu ma'auni, ma'aikaci ya ɗora bayan hannunsa ya ƙirga biyar a hankali. In ya kasa, a rufe abin da tabarma har ya huce. Watsa ruwa yana hucar da shi na ɗan lokaci kawai, kuma yana sa santsi.

Gidan roba da ake hura wa iska yara su yi tsalle a ciki ya fi kowane abu haɗari da rana, don ba iska a cikinsa kuma yaro ba ya yarda ya fito. A kafa shi a inuwa, a riƙa fito da yara duk bayan minti 10 su sha ruwa. Da an ga hadari ya haɗo, a fito da kowa a sace iskarsa. Ƙa'idar masu ƙera shi ita ce kada a yi amfani da shi in gudun iska ya wuce kilomita 38 a awa.

Ruwan sha

A yi lissafin lita ɗaya ga kowane baƙo da zai yi awa biyu zuwa uku. Mutum 500 ke nan lita 500, wato bido 20 masu lita 25, ban da na alwala da na bayi, waɗanda sukan ninka wannan. A Damagaram ba a dogara da famfo ranar Salla. A cika tanki kwana biyu kafin ranar, a yi magana da ƴan garuwa tun da wuri. Tankin roba baƙi da ke zaune a rana ruwansa sai ya yi kamar na wanka, don haka a yi masa rumfa shi ma.

Randa tana yin abin da firigo ke yi ba tare da wuta ba, kuma a busasshiyar iskar bazara ne ta fi aiki. A jera randuna a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan yashi mai laima, kowace da murfi. A sa mata famfo a gindi ko moɗa mai dogon mariƙi, kada kowa ya tsoma kofinsa. Ra'ayinmu a nan a fili yake: a sayar da lemo da ruwan leda mai sanyi, ba laifi, amma ruwan randa ya zama kyauta kuma a inda kowa zai gan shi. Uwar da ta zo da yara biyar ta biya kuɗin shiga, ba za ta saya wa kowa ruwa sau uku ba, kuma yaron da ya faɗi a wurinka ya fi ƙarfin ribar leda.

Fanka da sanyin ruwa

Fanka ba ta sanyaya iska, gumi take busarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi amfani da fanka ne in zafi bai kai digiri 40 ba, domin bayan haka iskar da take hurowa ƙara wa jiki zafi take yi. Maganin wannan shi ne a haɗa ta da ruwa, kuma nan ne bushewar bazararmu ta zama riba. Na'urar nan mai jawo iska ta cikin jiƙaƙƙen kwali, wadda ake kira imidifikater, a Maris da Afrilu tana iya karɓar iska mai digiri 42 ta fitar da ita ƙasa da 30, da wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na ta kilim ba. Ita ce ta dace da rumfar cin abinci da wurin zaman iyaye.

Kuɗinta ruwa ne. Duk iska mita kubik 1,000 da ta sauke wa zafi da digiri 14, tana shan kusan lita 6. Babba mai hura mita kubik 6,000 a awa ke nan tana iya cinye bido ɗaya da rabi kowace awa. Ka ninka da yawan na'urori da awannin aiki kafin ka saya. Tana son wuri a buɗe: in aka rufe ta cikin ɗaki, laima ta cika, sanyi ya tsaya, mutane su jiƙe sharkaf. Kuma da iskar damina ta fara shigowa a ƙarshen Mayu, ƙarfinta yana raguwa sosai. Cikin Agusta tana komawa fanka mai tsada kawai. Kwalin yana toshewa da ƙura da farin gishirin ruwa, don haka a wanke shi kowane mako, a canza shi in ya taurare.

Masu feshin ruwa kamar hazo a saman layi suna aiki da kyau in famfonsu mai matsi ne sosai, wajen bar 70 a ma'aunin matsi, da ƴan kawuna masu ramin milimita 0.2 da matatar ruwa a gabansu. Mai ƙaramin matsi jiƙa shaddar mutane kawai yake yi. Abu ɗaya ya shafi na'urorin nan duka biyu: ruwan da ya kwana da ɗumi tsakanin digiri 25 da 45 shi ne gidan ƙwayar Legionella, wadda ake shaƙa cikin feshi ta kawo ciwon huhu mai tsanani. A zubar da ruwan tankinsu kowane dare, a bar su bushe, a zuba sabo da safe.

Ɗakin sanyi guda ɗaya

Wannan ɗakin na masu goyo ne, da tsofaffi, da masu ciki, da duk wanda jiri ya fara ɗiba. Ya kasance kusa da tsakiyar wurin, a rubuta alamarsa da Hausa da Faransanci, kuma kada a karɓi kuɗin shigarsa.

Kafin kilim, a gyara ɗakin. Gine-ginen ƙasa na tsohuwar unguwar Birni suna da sanyi da rana saboda kaurin bango da rufin soro. Ɗakin bulo mai kwano ba silin kuwa tanda ne, ko kilim nawa aka sa. A yi silin, a shimfiɗa abin tare zafi mai kaurin santimita 5 a kansa, a toshe tagar yamma ko a yi mata rumfa ta waje, a sa wa ƙofa abin da ke mayar da ita ta rufe da kanta, domin yara ba sa rufe ƙofa.

Ga yadda ake ƙiyasta ƙarfin da ake bukata. Da BTU ake auna ƙarfin sanyayawa: kilim mai doki ɗaya yana ba da BTU 9,000, doki ɗaya da rabi 12,000, doki biyu 18,000, doki uku 24,000. A ɗaki mai silin a ƙasa mai zafi irin tamu, a ware BTU 600 ga kowace murabba'in mita, a ƙara 450 ga kowane mutum. Ɗaki mai mita 6 da mita 8 murabba'i 48 ne, wato 28,800. Mutum 30 sun kawo 13,500. Jimla 42,300, in aka ƙara na buɗe ƙofa ya doshi 48,000. Inda aka fi yin kuskure shi ne mantawa da mutanen: a auna ɗaki babu kowa, a ji sanyi, ranar Salla ya cika ya koma gumi. Kilim uku masu doki biyu sun fi biyu masu doki uku, don in ɗaya ya tsaya sauran biyun za su riƙe ɗakin.

Wajen saye, ka duba takardar da ke manne a jikin injin waje, wato ɓangaren kilim da ake kafawa a wajen ɗaki. In an rubuta T1, an auna ƙarfinsa ne a zafin digiri 35, kuma iyakarsa wajen 43. Ranar da ka fi bukatarsa ita ce ranar da zai riƙa yankewa. T3 an auna shi a digiri 46 kuma an yi shi ya yi aiki har 52. Bambancin kuɗinsu bai kai asarar kwamfireso ɗaya ba, wato injin da ke matsa gas a cikin kilim.

Injin waje a kafa shi a inuwa, a gefen da ba yamma ba, a ɗaga shi rabin mita daga ƙasa saboda yashi, a bar santimita 30 a bayansa da mita biyu a gabansa. Masu tsoron ɓarayi sukan rufe shi cikin akwatin kwano, sai ya riƙa shaƙar zafin da ya fitar har ya mutu. Kejin ƙarfe mai manyan ramuka ya wadatar. Wajen haɗawa, ka tsaya a kan mai aikin sai ya zuƙe iskar bututu da injin zuƙa kafin ya saki gas, domin iska da laima da suka rage a ciki su ne ke cin kwamfireso a hankali. Kowane kilim mai doki biyu ya samu layinsa shi kaɗai, waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da dijonkter nata, wato abin da ke yanke wuta in ta yi yawa. A sa regilater mai daidaita wuta saboda faɗuwar ƙarfinta, da abin jinkirta tashi na minti uku, don in wuta ta ɗauke ta dawo nan take, kwamfireso yana tashi ne a kan matsi, kuma haka yake ƙonewa.

Kilim uku irin waɗannan suna cin kusan kilowat biyar da rabi. Wanda ba inbata ba (inbata shi ne mai ƙara gudu ko rage shi da kansa daidai da bukata) yana jan ninki uku zuwa biyar na wutarsa a daƙiƙar tashi, saboda haka gurup, wato janareta, da zai ɗauke su kada ya gaza kVA 10, in da firiza da fitilu a kai a nemi 15, kuma a tada su ɗaya bayan ɗaya. Gurup ya yi nisa da ɗakin da rumfunan mutane saboda hayaƙinsa guba ne. Mai farantan sola kuwa yana da sa'a ɗaya: lokacin da ɗakin ya fi bukatar sanyi shi ne lokacin da rana ta fi ba da wuta, kuma kilim inbata ne ya dace da su.

A saita kilim a digiri 26 ko 27, a kunna fankar sama. Saukar da shi zuwa 16 ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, hana injin hutawa kawai yake yi. A kunna awa ɗaya kafin buɗe ƙofa. Kada a sa imidifikater a ɗaki ɗaya da kilim, don ɗaya yana zuba laima ɗaya yana wahalar cire ta.

In sanyi ya ragu, kusan kullum za ka ji an ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare." Gas ba ya ƙarewa sai in akwai inda yake yoyo, kuma ƙara shi ba tare da an nemo wurin da kumfar sabulu an toshe ba zubar da kuɗi ne. Ka fara da matata: a ƙurar nan tamu wanki take so kowane mako. Sannan a kashe wuta a wanke haƙarƙarin injin waje da ruwa marar ƙarfi. Ka auna iskar da ke shiga na'urar ciki da wadda ke fita. Lafiyayye yana ba da bambancin digiri 8 zuwa 12. Ƙanƙara a kan bututu tana nuna matata ta toshe ko gas ya yi ƙasa. In injin waje yana gurnani bai tashi ba, galibi kondansater mai taimaka masa tashi ne ya kumbura, abu ne ƙarami mai araha, ka ajiye biyu a aljihun tebur, don ranar Salla shaguna a rufe suke. Kuma a duba irin gas ɗin da aka rubuta, R22 ko R410A ko R32, ba a gauraya su.

Lokaci da ma'aikata

Zafi ya fi tsanani daga ƙarfe biyu zuwa huɗu. A Afrilu da Mayu a buɗe da safe zuwa sha ɗaya, a rufe, a sake buɗewa bayan la'asar har dare, a zuba kuɗi a fitilu. Ranar Salla da ba a iya rufewa, a ƙayyade yawan masu shiga daidai da yawan inuwar da ke akwai, a ba da tikiti mai lamba don mutane su jira a zaune.

Mai tuƙa lilo shi ne ya fi kowa daɗewa a rana, kuma ran yara yana hannunsa. A yi masa rumfa, a ba shi malafa, ya sha kofi ɗaya na ruwa duk minti 15 zuwa 20 ko bai ji ƙishi ba, a canje shi duk awa. Mai gadin motoci ya riƙa leƙa kowace mota, kada a bar jariri yana barci a ciki.

In mutum ya faɗi

Kowane ma'aikaci ya san alamu iri biyu. Mai ciwon kai, jiri, tashin zuciya da gumi mai yawa amma hankalinsa na nan, a kai shi ɗakin sanyi, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In mace ce, ma'aikaciya mace ta kula da ita, don haka a tabbata akwai ɗaya a kowane lokaci. Jaririn da ke goye ƙarƙashin hijabi shi ba ya iya faɗa; in aka ga uwa ta daɗe a layi, a je a ce mata, "Hajiya, ki shigo ciki ki sauke shi ya sha iska."

Wanda ya fara sambatu, ko ya ruɗe, ko ya suma, ko yake fizge-fizge, jikinsa kamar garwashi, wannan yana bakin mutuwa ne ko da yana gumi. Kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a cire masa kaya masu nauyi, a yi ta kwara masa ruwan sanyi a duk jiki ana fifita, a sa ƙanƙara cikin tsumma a wuya da hammata da matsematsi. Wani ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ko a ɗauke shi zuwa babban asibitin Zinder, a ci gaba da jiƙa shi a cikin mota har a isa. Don wannan kaɗai a ware bido biyu da kula ɗaya cike da ƙanƙara a ɗakin sanyi, a rubuta a jikinsu cewa ba na sayarwa ba ne, a kuma san tun safe motar wa za a ɗauka da wanda makullinta ke hannunsa.